Sitika a Bayan Kujera

Litinin, da hantsi

Tun da na fara ba da hayar kujeru ban taɓa ganin irin taron yau ba. Ba ango, ba gawa, ba lasifika. Mutane ne kawai suka jera kujeruna na roba a bakin titi, gaban ofishin ƙayyade farashi, suka zauna. Kowa da jakar cefanensa a kan cinya, wayam. Ba mai cewa uffan. Wai sunansu Masu Zama, kuma kullum haka za su yi sai an sauko da farashin mai da na abinci. Na ce ashe na daɗe a ƙungiyar nan ban sani ba, don tun da malamin aji huɗu ya ce in je gida in zauna ban sake tashi ba.

'Yata ce ta zo ɗaukar kujerun jiya. Lauya muke ce mata, alhali a kantin magani take aiki. Tun tana ƙarama in ka ce ta ci abinci sai ta nemi hujja.

"Baba, aro ne fa, ba haya ba."

Na ce, "Ni da aro ko gaisawa ba ma yi."

"To yau ku gaisa. Burodin da ka yanka mana da safe, ina hango Mama ta cikinsa."

Na miƙa mata mabuɗin sito. Uwarta, Mai Ɗaki, ta ce ba ta taɓa ganin shari'ar da ta ƙare da wuri haka ba.

Na tsaya daga nesa ina kallonsu. Jama'a cike da titi, amma kana jin tutar ofishin tana kaɗawa. Har masu tallan ruwa sun rage murya, ba wanda ya sa su.

Laraba, da yamma

Shagon Mai Aski ya koma majalisa. Shi Mai Aski cewa yake zama ba ya sauko da farashi. A toshe hanya, a ƙona taya, manya ba sa jin komai sai warin hayaƙi. Mai shagon takalma na kusa da ofishin ya ce shi tun da aka fara zaman nan ko kare bai leƙa shagonsa ba, talaka ne ya zauna a kan talaka. Ana cikin haka wani mai digiri ya shigo rediyo yana cewa talakawa ba su iya shirya abu mai tsari haka ba, dole akwai hannun jam'iyyar adawa. Har ya ɗaga murya: "A tambaya mana, wa ya ba su kujeru?"

Na ce wa rediyon, "Ga ni nan, ranka ya daɗe, rabin kaina a aske." Shago ya ɗauki dariya. Ni ma na yi.

Na ba Lauya labari da ta dawo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce dokarsu ba jifa, ba magana, ba jam'iyya, kuma ta ƙarshen ita ce ransu. Ranar da aka manna musu jam'iyya, ranar rabin mutanen za su naɗe jakarsu su tafi.

Juma'a, da safe

An ɗauke mutum biyu daga cikinsu a hanyar komawa gida. Wata farar mota ce, ba lamba.

Yau an bar kujerunsu a cikin layi ba kowa a kai, sai jakunkunansu. Lauya ta yi mini bayani tana ɗaura takalmi: wanda aka bar wa kujera, 'yan jarida na ɗaukar hotonta, lauyoyi na gaske suna zuwa su yi ta tambaya har a gaji a sake shi. Wanda ba a bar wa ba, kamar ba a taɓa haifarsa ba.

Na ce, "Kujerata ba ta taɓa samun matsayi irin wannan ba." Ta ce mutane sun ƙaru, in ƙaro musu wasu. Na ce akwai na ƙuryar sito.

"Ka duba su?"

"Ɗaya bayan ɗaya. Kamar sababbi."

Na duba su kuwa. Na daddanna mazauni, na girgiza ƙafafu.

Lahadi, da rana tsaka

Ba abin damuwa ba ne.

Litinin, da hantsi

To bari in rubuta, tunda duk garin ya gani.

Jarida ta buga hoton Masu Zama, amma daga baya aka ɗauka. Layin ƙarshe kaf, a bayan kowace kujera ga sitikar ɗan takarar jam'iyyar adawa, mutumin nan mai murmushi da haƙora duka a waje. Mai Haƙora nake ce masa. A saman hoton an rubuta da manyan baƙaƙe cewa asiri ya tonu.

Watan jiya jam'iyyarsa ta yi hayar kujerun nan don taro, suka manna abinsu suka dawo mini da su. Ni kuwa ba na kankare sitika. Ruwan sama na nan, mai haya na gaba na nan, wani zai manna nasa a kai. Mu masu kujeru ƙafa muke dubawa, don ƙafa ce ke kayar da babban mutum a bainar jama'a. Ba wanda bayan kujera ya taɓa kayarwa. Su kuma masu zaman, mai zama gabansa yake kallo.

Mai Ɗaki ta dubi hoton ta dube ni. Na ce aƙalla kujerun sun fito da kyau. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi da ya fi mini.

Talata, da yamma

Shugabansu, wani saurayi siriri da ake kira Mai Tabarau, ya ce Lauya ta dakata da zuwa har su yi bincike, tunda ita ta kawo kujerun. Wasu a cikinsu na cewa da gangan ta yi, an saye ta. Gwamnati a rediyo tana cewa ga hujja nan, dama sun faɗa. Kakakin Mai Haƙora kuma da aka tambaye shi, bai ce nasu ne ba bai ce ba nasu ba ne, sai cewa ya yi duk mai kukan tsada ɗansu ne. Mutumin nan ya tsinci taro kyauta, har da kujeru.

Lauya ta zauna a bakin ƙofar sito ta daɗe. Na zo da cokali ina kankare sitika a gabanta, don ta ga ina da kunya.

"Baba, na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Ka ce kamar sababbi."

"Ta ƙasa nake nufi."

Na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, ta haɗiye. Ta ce abin da ya fi damunta yanzu ita kaɗai za ta riƙa tafiya aiki. A da rakiya suke yi wa juna, huɗu-huɗu, biyar-biyar. Na ce ni zan raka ta. Ta ce da wannan gwiwar tawa, in an biyo mu ita za ta goya ni.

Alhamis, da magariba

Ba ta dawo da wuri ba. Wataƙila aiki ne ya yi yawa. Mutane na rashin lafiya sosai kwanakin nan.

Juma'a, da sassafe

Abincinta na nan a rufe. Na ce wa Mai Ɗaki kar ta zubar, ni zan ci in ya kai rana. Ban ci ba.

Juma'a, da yamma

Mai kantin maganin ya ja ni bayan kanta ya yi mini magana a kunne, kamar kwalaben na ji. Ya ce jiya da ta fito za ta tsallaka titi, farar mota ta tsaya. Ba lamba. Ba ihu, ba kokawa. An buɗe mata ƙofa, ta waiga sau ɗaya, ta shiga.

Na je ofishin 'yan sanda. Wanda na tarar ya ce ba su da farar mota, tasu duk masu launi ne. Ya tambaye ni ko tana da saurayi. Na ce duk wanda ya zo sai ta yi masa tambayoyi har ya gudu. Ya yi dariya, ya ce in je gida in jira.

Mai Ɗaki ta faɗi kalmar da ake faɗa in an ɗauke mutum, a tsakar gida, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ni ba zan rubuta ta ba. Lauya ta yi tafiya ne.

Asabar, da hantsi

Na je wurin zaman. Kujerun da ba kowa sun ƙaru, na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Na san jakar Lauya, shuɗiya ce mai hannu ɗaya da aka ɗinke da baƙin zare, tana rataye a ɗakinta. Na taho da ita a hammata.

Ba sa magana a layi, sai na jira Mai Tabarau ya zagaya bayan wani shago shan ruwa.

"Ɗana, ba a bar wa 'yata kujera ba."

"Baba, sannu. Muna bincike."

"Binciken me? Ga mai laifin nan gabanka da cokali a aljihu. Ni ne ban kankare ba."

Ya cire tabarau ya goge. Yaron bai yi kama da mugu ba, ya yi kama da wanda bai yi barci ba.

"Baba, an ga ta shiga motar da ƙafarta. Wasu na cewa motar jam'iyya ce. In muka bar mata kujera yau, gobe ta fito a kan dandamali kusa da mutumin nan, mun gama yawo. Waɗancan da ke tsare ma ba wanda zai sake tambayar su."

"In kuma ba ta fito ba fa?"

Ya mayar da tabaransa. Ya ce in yi haƙuri.

Na dawo da jakar. A hanya na lura ina riƙe da ita a kan ciki da hannu biyu, yadda suke riƙewa.

Litinin, da rana

Ba kuɗi a wayata, sai Mai Aski ya ara mini tasa na kira shirin rediyon da ake muhawara. Na ce ni ne mai kujerun, ni ne uban yarinyar, kuma duk abin nan lalacina ne, ba na kankare sitika. Na ce in sun zo sitona za su ga kujerar da ta shiga jam'iyya uku da kamfanin sabulu ɗaya, duk a bayanta, kuma ba ta taɓa yin zaɓe ba.

Mai gabatarwa ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Baba ya sa mu nishaɗi." Mai digirin nan ya ce irin wannan labarin ne ake ƙirƙira don a rufe babban abu. Wani ya kira daga baya ya ce gwamnati ce ta manna sitikun don ta ɓata tafiyar. Wani ya ce a'a, jam'iyya ce. Aka yi ta yi. Ba wanda ya ambaci Lauya.

Shekara da shekaru ina neman a yi dariya in na yi magana. Yau na samu a rediyo, duk ƙasa na ji.

Talata, da hantsi

Wayata ta yi ƙara, ba lamba. Na ce salamu alaikum. Shiru. Sai numfashi, sai ƙarar an ja kujera a kan siminti. Aka kashe.

Ba ta roba ba ce. Ta ƙarfe ce, kuma ƙafa ɗaya ba ta da roba a ƙasa. Wannan kaɗai na iya ganewa. Ka ji ilimi.

Ban gaya wa Mai Ɗaki ba.

Laraba, da safe

Na ɗauki kujera ɗaya, wadda na kankare har ta yi fari, na kai ƙarshen layi na ajiye, na ɗora shuɗiyar jakar. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ya dube ni. Na dawo gida ina jin kamar na ci zaɓe.

Alhamis, da safe

Na buɗe ƙofa na tarar da kujerar a ƙofar gida. An wanke ta. Jakar a kai, an ninke. Tana fuskantar ƙofarmu kamar baƙon da ke jiran a ce ya shigo.

Na mayar.

Juma'a, da safe

Ta dawo.

Asabar, da safe

Ta dawo. Karen maƙwabcinmu da ke yi wa ganye haushi bai yi ko tari ba. Na tambayi mai shayin bakin layi ko ya ga wanda ya kawo. Ya ce shi tukunyarsa yake kallo.

Mai Ɗaki ta daina share wurin. Zagaye kujerar take yi in za ta fita. Ɗazu na ji ta daga ɗaki tana cewa, "Kin ci abinci kuwa?" Na leƙo. Ba kowa a tsakar gida.

Ba abin damuwa ba ne. Ba abin damuwa ba ne.

Lahadi, da yamma

Na yanke shawara. Kujerun nan nawa ne. In ba a bar wa 'yata guda ba, ba wanda zai zauna a kan ko guda.

Mai Ɗaki ta ce, "Baban Lauya, akwai tsofaffi a layin nan. Akwai mai ciki."

Na ce su je Mai Haƙora ya ba su, tunda 'ya'yansa ne.

"Ita za ta yarda da wannan?"

"Ta zo ta hana ni. Ta zo ta kafa mini hujja, ina nan."

Ni kaina na ji muryata ta fita wata iri.

Na yi hayar amalanke na je bayan sun tashi. Mai Tabarau na wurin da 'yan kaɗan. Na ɗauka za a yi rigima, har na shirya maganganu a hanya. Ba wanda ya tanka. Su suka taya ni lodi. Da na zo kan kujerun waɗanda aka ɗauke, wata mata ta kwashe jakunkunan ta rungume su a ƙirji, ta matsa mini. Hannuna ya ƙi. Sai da na tuna da abincin da ke rufe sannan na ɗaga.

Sito ya cika har ƙofa. Ban taɓa jin kujeru sun yi mini yawa ba.

Litinin, da rana tsaka

Sun fito. A tsaye.

Mai Aski ya zo ya ba ni labari, ya ce yanzu a rediyo ana gardama ko a canza musu suna. Mai digiri ya ce janye kujerun ya nuna jam'iyya ta janye hannunta. Kakakin Mai Haƙora ya ce gwamnati ce ta tsorata mai kujerun. Ka ji, har na zama mutumin da ake tsoratarwa.

Mai Aski ya ce wani tsoho ya yanke jiki ya faɗi da rana ta take, aka yayyafa masa ruwa, ya tashi ya koma wurinsa.

Na ce rana ce, ba ni ba.

Talata, da yamma

An sako mutum ɗaya, wani direban bas. A bakin kasuwa aka ajiye shi da safe, ba takalmi. Matarsa ta ce wa Mai Ɗaki tun da ya shigo bai yi magana ba, ko sunan 'ya'yansa bai kira ba. Ya sha ruwa, ya ɗauki jakarsa, ya koma layi.

Mai Ɗaki ta ce in je in tambaye shi. Na ce mutumin da bai yi wa matarsa magana ba, ni zai yi wa, ni da na kwashe masa kujera?

Gaskiyar ita ce ina tsoron ya ce bai gan ta ba. Ina kuma tsoron ya ce ya gan ta.

Laraba, da hantsi

Na je. Ban ɗauki kujera ba, ban ɗauki jaka ba, ni kaɗai da gwiwata.

Ba kujeru, amma layukan na nan yadda suke, a miƙe. Inda waɗanda aka ɗauke suke, an bar fili daidai faɗin mutum. Ba a ajiye komai ba, fili ne kawai, kuma na gefe da gefe ba sa bari kafaɗarsu ta shiga ciki. Rana na zuba a wuraren nan har ƙasa. Na fi son lokacin da kujera ce. Kujera ka san abin da kake kallo.

Na hango Mai Tabarau a layin gaba. Na kutsa ta tsakanin mutane ina cewa a gafarce ni, muryata kaɗai a duk titin. Gwiwa ta gaza a layi na biyu. Na ga wani fili kusa da wani ƙaton mutum mai sabon takalmin roba, na shiga na tsaya in huta.

Sai na ji an riƙe mini hannun riga. Ƙaton ne. Leɓensa duk a fashe. Na gane direban ne tun kafin ya buɗe baki, don mutanen da ke kusa duk sun juyo, su da ba sa juyowa.

"Baba, matsa. Da mutum a nan."

Muryar kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Na ce, "Wane ne?"

"Ta bango nake jin ta. Ba ta bar masu gadi sun huta ba, komai suka ce sai ta nemi hujja." Ya sake mini hannun riga. "Ta ce in na riga ta fita in gaya wa babanta ya riƙa duba baya."

Na dubi Mai Tabarau. Ya juyo yana kallonmu, tabaransa a hannu. Bai ce komai ba, doka ce. Ya sunkuyar da kai, ya juya gaba.

Na ja da baya na fita daga filin. Na so in faɗi wani abin dariya, na laluba ban samu ba. Matar da ke ɗaya gefen ta gyara tsayuwa don kada gyalenta ya shiga wurin. Wani mai kyamara ya durƙusa a gabanmu yana ɗaukar hoton inda ba kowa, ya tambaye ni sunanta a hankali. Na gaya masa na gaskiya, wanda na raɗa mata, har da nawa a ƙarshe.

Laraba, da yamma

Na gaya wa Mai Ɗaki. Ta sa na maimaita maganar direban, ta sake sa ni na maimaita. Sannan ta tashi ta zubar da abincin nan, ta wanke kwanon, ta ɗora sabuwar tukunya.

Mai amalanke zai zo da sassafe ya mayar musu da kujerun. Kafin nan akwai aiki a bayan kowace ɗaya. Ta kawo cokali biyu.